Da Mu Ke Komawa, Yau Su Muke Ɗaukowa: Tarihin Riƙon Iyaye A Sabon Ibadan

 Duk wanda ya daɗe a unguwar nan tamu ta Sabo zai shaida cewa a 'yan shekarun nan an samu wani abu da kakanninmu ba su saba gani ba. Yau ka ji an ce wane ya rufe rumfa ya tafi gida ɗauko tsohuwarsa, gobe ka ji an ce an kawo wa wane mahaifinsa a mota, ƙafa ta ƙi, sai da aka ciccibo shi aka shigar da shi ɗaki. Wasu na ganin abin kamar haka yake tun fil azal, alhali kuwa ba haka ba ne. Shekara da shekaru hanyar tsofaffi Arewa ta nufa, sai daga baya ta juyo Kudu. Don haka muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu ga yadda aka yi ta juyo, da kuma ko gidajenmu da al'adunmu sun shirya wa wannan babban baƙo.

ZAMANIN FATAKE DA JIRGIN ƘASA

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe mutum ne mai tafiya. Fatake kan haɗa ayari a ƙarƙashin madugu su nufi Gwanja sayen goro, su yi wata da watanni ba su ga gida ba. To amma bafatake bai taɓa tunanin tafiya da tsohonsa ba, domin ya bar shi a hannun da ya amince da shi. A wancan lokaci gandu na nan da ƙarfinsa. Uba da 'ya'yansa maza da matansu duk gida ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya. In ƙarfin uba ya ƙare, babban ɗa ya karɓi ragama, shi kuma tsoho ya koma zaure yana tufka igiya yana ba da shawara. Tsohuwa kuwa tana ɗakinta da jikoki, tana kaɗi, surukai na kai mata tuwo bi da bi. Wanda ya fita neman kuɗi aikinsa shi ne ya dawo da tsaraba da kuɗin haraji.

Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai cinikin ya sake kama. Goro ya samu a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Ota da Shagamu da kewayen Ibadan, ba sai an je Gwanja ba. Shanu na gangarowa daga Arewa, huhunan goro na hawa. Kakanninmu da suka fara zama a Badun cikin gari suke, a gidajen Yarbawa, har zuwa 1916, zamanin Baale Shittu, lokacin da aka ware musu wannan fili kusa da Mokola aka ce su koma can. Asalin Sabo ke nan.

Waɗanda suka kafa unguwar yawancinsu majiya ƙarfi ne, kuma da niyyar komawa suka zo. Mutum zai yi aure a nan, ya haihu a nan, amma in ka tambaye shi gida sai ya ce maka Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zazzau. Haƙƙin iyaye kuwa da aike ake sauke shi. A ba wani amintacce mai rakiyar goro kuɗi da turmin atamfa da ƙwaryar goro, a ce ya kai wa Inna. Malami ya rubuta wasiƙa da ajami a haɗa masa. In labarin ciwo ya zo, sau da yawa kafin ya iso an riga an yi sadakar uku. Mutum ya hau jirgi ya je gaisuwa, ya raba gado, ya dawo. Shi ma in ya ji jiki ya fara nauyi, sai ya danƙa harka a hannun yaransa ya koma garinsu ya ƙarasa kwanansa.

GIDAJEN DA AKA GINA DON BAƘI

Wannan tarihi shi ya tsara mana irin gidajen da muka gada. Ginshiƙin Sabo shi ne mai gida, wato mutumin da ke saukar da dillalan shanu da masu sayen goro daga Arewa, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a kan bashi. Darajar mai gida tana ga yawan baƙin da zai iya saukarwa. Saboda haka duk inda aka ga sarari sai a tsaga ɗaki, in ƙasa ta cika a ɗora bene. Ɗakuna ƙanana, lunguna matsattsu, kwata a bakin ƙofa, masai ɗaya na tsugunno a can ƙuryar gida. Ga wanda ya zo sati biyu ya sayar da shanunsa ya koma, ai babu laifi. Ba wanda ya gina su da tunanin mai shekara 80 da ba ya iya ɗaga ƙafa.

Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikin iyayenmu a 1962 da 1963, ya ƙirga mutanen Sabo ya samu 4,000 da ɗoriya, ya kuma fitar da littafi a kanmu a 1969. Cikin abubuwan da ya tarar har da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowane da jama'arsa da masaukinsa. Kun ga ke nan Sabo ba ta jahilci mai lalura ba, ta daɗe da yi masa tsari. Sai dai wancan tsari na masu fita neman sadaka ne. Tsohon da ke kwance a ɗakin ɗansa, wanda ba ya bara kuma ba ya fita, ba shi da sarki, ba shi da wakili.

A hankali dai zama ya yi zama. A 1952, bayan ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a unguwar, iyayenmu suka fara sallar Juma'a a masallacinsu na Sabo. Mutumin da ya kafa masallacin Juma'a ai ba gobe zai tashi ba. Daga nan aka fara samun waɗanda suka tsufa a nan, suka rasu a nan, aka rufe su a nan. Irin waɗannan tsofaffi ba su sha wahalar kaɗaici ba. Suna da majalisarsu, suna jin Yarbanci, sun san kowa kowa ya san su, ko ƙafa ta ƙi abokai za su biyo su har ɗaki. Ya kamata mu bambanta su da tsohon da aka ɗauko da tsufansa, domin matsalarsu ba ɗaya ba ce.

ABIN DA YA JUYA HANYA

Abu na farko shi ne raunin gandu. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza ƙasar Hausa da Nijar, aka sake wani a farkon shekarun 1980, ga kuma annobar bushiya ta 1983 da ta ƙarar da garkuna. Gona ta kasa riƙe 'ya'ya biyar, sai kowa ya kama gabansa. Ɗan da a da yake zaune yana riƙe da tsoho, shi ma ya bi ci-rani, daga ci-rani ya zarce. Sai ga tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986, Naira ta faɗi, kuɗin da ake aikawa ya daina isa. Gaskiya ne wasunmu sun samu buɗi ta harkar canji, wadda ta ƙara wa Sabo suna, amma mai tsire da mai koli da ɗan dako ba su ga wannan buɗi ba. Jirgin ƙasa kuma ya lalace a waɗannan shekaru, zuwa gida ya koma na mota, tafiyar da ta haura kilomita 800 ta Ogbomosho da Ilori da Jebba da Mokwa.

Abu na biyu shi ne wayar hannu da ta shigo a 2001. Kafin nan sai dai wasiƙa ko a ɗauki murya a kaset a ba direba. Da waya ta zo, ranar da Baba ya faɗi a banɗaki ranar za ka ji, har ka ji nishinsa da kunnenka. Wanda ya ji wannan kuwa barci ba zai ɗauke shi ba. Sai aka fara kawo tsofaffi asibiti a nan, da yake muna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe tun 1957, wanda a 2012 ya buɗe sashe na musamman don tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih. Da farko zuwan magani ne a koma. To amma mai shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, wanda aka ce ya riƙa dawowa gashin ƙashi, ina zai koma? Haka zuwan sati biyu ya riƙa zama shekara biyu.

Abu na uku, wanda ya fi kowane ciwo, shi ne rashin tsaro. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya tarwatsa Arewa maso gabas, sannan 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari. Duk wanda ke da dangi a Zurmi ko Shinkafi ko Batsari ko Jibiya ko Sabon Birni ya san abin da muke faɗa. In aka shigo gari da dare, mai ƙafa ya gudu daji, wanda ba ya iya tashi a nan ake barin sa da Allah. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta, aka rufe kasuwannin mako. Sati da satittika mutanenmu ba su san ko iyayensu na raye ba. Da yawa a lokacin suka yanke shawara cewa gara tsohuwa ta zo ta kwana a ɗaki ɗaya da jikoki da a bar ta inda ba a jin ɗuriyarta.

HALIN DA TSOHO KE SHIGA

Addini bai bar mana zaɓi a kan asalin haƙƙin ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda Suratul Isra'i ta haɗa bautar Allah da kyautata wa iyaye, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. A Risala ma mun karanta cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa. Inda ake samun tangarɗa shi ne yadda za a yi, domin ɗauko tsoho ba shi ne kyautata masa ba sai an duba abin da ya tarar.

Tun daga hanya abin ke farawa. Mun ga waɗanda saboda rashin kuɗi suka ɗora mara lafiya a bayan babbar mota kan buhunan wake da albasa, kwana biyu ana jijjiga shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin shatar mota ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma in 'yan'uwa suka haɗa hannu yana yiwuwa. A kwantar da kujera, a yada zango a hanya, a taho da katin asibiti da duk maganin da yake sha, musamman na hawan jini da ciwon suga, waɗanda ba a yanke su rana ɗaya.

In ya iso kuma sai ya tarar da wata duniya. A ƙauye ko ba ya tafiya ana shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, duk mai wucewa ya durƙusa ya gaishe shi. A nan kuwa an kai shi bene, an sa masa fanka da talabijin, kowa ya fita kasuwa tun asuba. Ruwan sama tun watan Maris ko Afrilu har Oktoba, danshi na shiga gwiwa. Jikoki na zuba Hausa haɗe da Yarbanci da Turanci, kaka na son ta tsokani "mijinta" ko "kishiyarta" amma yaran ba su san wasan ba. Sai ka ga mutumin da aka kawo da bakinsa da dariyarsa, wata uku ya yi shiru, abin da kawai yake maimaitawa shi ne a mai da shi gida. Mu kuma mu ce rikicin tsufa ne, alhali kewa ce.

Sannan akwai maganar da ba mu cika son yi a fili ba, wato a kan wa nauyin yake sauka. Mu maza mu ne ke zuwa ɗauko su, mu ake sa wa albarka a masallaci, amma matanmu ne ke wanki da kwasar fo da dama kunu da tashin dare. A gandun da, surukai uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa. A ɗakin haya na Sabo mace ɗaya ce, ga goyo, ga girki, ga 'yar sana'arta. Malamanmu sun sha faɗa cewa hidimar iyayen miji alheri ne da lada ga mace, amma wajibin na ɗa ne. Ga kuma kunya irin tamu. Suruka ba za ta iya yi wa uban mijinta wanka ba, shi ma gara ya kwana cikin lalurarsa da ya kira ta. Wannan aikin ɗa ne da jikoki maza, ko da kuwa za a makara buɗe rumfa. Haka nan uwa da ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta kamawa, ba za ta buɗe baki ta gaya masa inda ke mata ciwo ba, sai an samu wata dattijuwa ta shiga tsakani. Aure nawa ne ya yi tsami a unguwar nan saboda an ƙi zama a yi wannan magana tun kafin mota ta taso?

DARASIN SHAGAMU DA SHASHA

Kada kuma mu manta cewa mu ma zaman baƙunci muke yi, duk da cewa yawanci lafiya muke zaune da Yarbawa, har da auratayya. A watan Yuli 1999 rikici ya ci Sabon Shagamu, a Nuwamba na shekarar ya taɓa Ketu da Mile 12, a Fabrairu 2002 Idi-Araba. Na kusa da mu shi ne na kasuwar Shasha a Fabrairu 2021, inda aka ƙone rumfuna da gidaje, jama'a suka watse neman mafaka, har gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo suka gana da Gwamna Seyi Makinde. Allah ya kiyaye gaba. Amma wanda ya ɗauko tsohonsa daga bakin 'yan bindiga ya ajiye shi a hawa na biyu, ya kamata ya tambayi kansa tun yanzu: in wuta ta tashi ko hankali ya tashi da tsakar rana ina kasuwa, wa zai sauko da shi? In amsar ita ce babu, to aikin bai ƙare ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Tarihin nan ya nuna mana cewa abin da ya riƙe tsoho a da shi ne taron hannaye, kuma abin da ya riƙe Sabo shi ne iya saukar baƙo. Gandu dai ba zai dawo ba. Amma al'adar mai gida tana jininmu, sai mu juya ta ga wannan sabon baƙo, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin gida, ɗakin ƙasa mafi kusa da banɗaki na tsoho ne, ko da kuwa shi ne ɗakin da ya fi kawo kuɗin haya. Masu gidaje su taimaka a yi musanya tsakanin 'yan haya, kamar yadda iyayensu kan tashi yaransu su ba baƙo ɗaki. Buhun siminti ɗaya ya isa a yi gangara a bakin ƙofa a rufe kwata. Mai walda zai kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, kafinta zai yi kujera mai rami, duk ba wani kuɗi mai yawa ba ne. Wanda ke kwance a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, a tsane masa jiki, domin gyambon kwanciya saurin kamawa gare shi, wuyar warkewa gare shi. A nemo masa dawa da gero da kuka da daddawa, abin da cikinsa ya saba, ga su nan a Bodija. A tuna masa cewa sallarsa a zaune ko a kwance karɓaɓɓiya ce, a ajiye masa dutsen taimama kusa da shi, don da yawansu abin da ke cin ransu ke nan.

A wajen gida kuwa, muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa a rubuta sunan duk tsohon da ba ya iya fita, da gidan da yake, da matasa biyu maƙwabta da za su ruga gare shi in wani abu ya taso. A sayi kekunan guragu ko da 'yan kaɗan ne a ajiye na aro, wanda ya gama ya mayar. Masallatanmu su samu gangara da kujeru. Tun watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu da ta nemi a gyara gine-ginen jama'a, to mu da muke da umarnin addini ai bai kamata mu jira doka ba. Matan Islamiyya su raba ranakun ziyara, ta yadda matar gida za ta samu ko yini ɗaya a mako ta huta ta je gidan biki ko gidansu. Dattawan da suka tsufa a nan su ma suna da rawar takawa: in an kawo mutumin Katsina, a samu Bakatsinen Sabo ya je su yi hirar gida, wannan ya fi masa allura.

Daga ƙarshe, a yi shawara da tsoho kafin a ɗauko shi, a kuma haɗa da 'yan'uwan da ke gida da matar da za ta yi jinya. Wanda garinsu lafiya lau, yana da mai kula da shi, ya ce ba ya so, to a bar shi, a ƙara aike, a yawaita zuwa, zumunta ai a ƙafa take. Wanda kuma tilas ta sa aka kawo, a gaya masa gaskiya da lallashi game da abin da yake tsoro, wato rasuwa a baƙon wuri. A nuna masa cewa tun 1916 ake rufe bayin Allah na kirki a ƙasar nan, malamai da alhazai da mahaddata, kuma ana yi musu sutura yadda addini ya tanada, da jama'a mai yawa.

Mu da muka ba hamsin baya, yawancinmu ba mu da gonar da za mu koma, 'ya'yanmu kuwa nan suka sani. A waɗannan ɗakuna da lunguna za mu tsufa in Allah ya ja kwana, kuma yaran da ke kallon yadda muke yi da kakanninsu su ne za su riƙe mu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba masu jinya lada da haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya Kudu da Arewa. Amin. Wassalam.